Motar da Inna ta ƙi shiga

"Wannan kuma da wa take fushi?" Tambayar mahaifiyata ke nan da na faka sabuwar motata a ƙofar gidanmu a Inkil.

Irin sabuwar ƙirar nan ce, fitilun gaba sirara, baki a wage, baya a zube. Asibiti zan kai Inna, amma ta ƙi shiga, wai tsohuwar ta fi fara'a.

Na kunna fitilun. Ta sunkuya ta ƙura musu ido, sai dariya.

"Ashe kwalli ta ja. Amarya ce, kunya take ji. Buɗe min gaba, Sani."

Har muka isa tana sa mata albarka.

Yanzu kowace mota na gani sai na duba fuskarta. Taku murmushi take ko harara?