Turmin da Kaka ke hawa ta kira ni

Yau a wurin aiki ina lissafi a kwamfuta kan yadda sabis ɗin waya ke ratsa bangon benaye, sai kusurwa ɗaya ta yi ja: nan kaɗai sabis ɗin yake taruwa. Na yi zuru ina kallo.

A gidanmu na Zuru ma wuri ɗaya ne ake samun sabis, bayan rumbu. Kowace Lahadi in an taso coci, Kaka takan kifa turmi ta hau ta kira ni, ina jin kyarkyarar kaji. Takan ce, "Yi sauri, jikana, kafin iska ta juya."

Kan turmin nan ƙanena ya tsaya ya kira ni ya ce mini ta rasu. Muryarsa ta fito tar, ko yankewa babu. Har yau ban yi kuka ba.

Allah ya sa inda take babu bango.