Shatin Yatsan Malam a Jikin Kumbo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam, a cikin wannan watan da muke ciki. Ni ban yi boko ba. 'Yata Rabi ce take rubuta abin da nake faɗa don a buga a jarida, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana, in ta ga ina kuka ta jira ni in gama. Mutane suna cewa shekara bakwai ta isa zuciya ta yi sanyi. Tawa ba ta yi ba. Har yau in aka taɓa ƙofar gida bayan la'asar, sai na tsinci hannuna yana gyara ɗankwali.

Malam mai zanen taswira ne a ofishin safiyo, a nan gidanmu na Malali ya yi ritaya. Mutum ne mai shiru, amma in aka taɓo zancen sararin sama sai bakinsa ya buɗe. Ya sha ba ni labarin ranar da, yana saurayi, ya ji a rediyon wani tela cewa mutane sun sauka a kan wata. Rabin majalisar suka ce ƙarya ce. Shi kuwa ranar ko tuwo bai iya ci ba. Daga baya wani abokin aikinsa da aka tura kwas ƙasar waje ya kawo masa tsarabar wani kwali. A ciki akwai ɗan ƙaramin kumbo na roba, kwaikwayon wanda ya sauka a watan, amma a wargaje, guntu-guntu, sai mutum ya haɗa da hannunsa ya yi masa fenti. Kwalin nan ya yi shekaru a kan wadirof ɗinmu. Ga aiki, ga yara a makaranta. Duk sanda na hau kakkaɓe ƙura sai ya ce, "A hankali, Asabe, wannan sai na yi ritaya."

Da ritayar ta zo, bai yi mako ba ya sauke shi. Ya fito da tsohon teburinsa na zane ya ajiye a baranda, inda inuwar mangwaro take kaiwa da hantsi. Ya jera reza, da gam, da sanfefa, da ƙananan gwangwanayen fenti, da buroshi siriri kamar gashin ido. Matsefatata ma ya are ta, bai dawo da ita ba. Kowane guntu sai ya yanke shi, ya goge bakinsa, ya gwada shi a mazauninsa, ya cire, ya sake gwadawa, kafin ya yarda gam ya taɓa shi. Na ce masa, "Malam, da furfurarka kake wasan yara?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Nemo mini yaron da yake da wannan haƙurin."

Maƙwabcinmu Alaramma, mai makarantar allo a bayan layinmu, yakan leƙo in ya tashi ɗalibansa. Daga bakin ƙofa zai fara: "Salamu alaikum, direba! Yaushe za a tashi? A ajiye mini kujerar gaba." Malam ya ce, "Kai da ka ce ba a je ba, me za ka je nema?" Ya ce, "Zan je in gani da idona, in dawo in ƙaryata ka da hujja." Amma shi ne ya ga wasu 'yan mutum-mutumi biyu a cikin kwalin, sanye da farin kaya, ya ce bai so a kafa su a ɗakin da ake salla ba. Malam bai yi musu ba, ya mayar da su kwali. In yara sun tambaye shi ina matuƙan, sai ya ce suna ciki, ba su fito ba tukuna.

Ni ban shiga aikin da niyya ba. Hannun Malam ne ya fara rawa. Shi gam ɗin nan, in an shafa, sai an riƙe guntayen biyu a haɗe, ba motsi, har ya kama. Wata rana ya yi ta fama abin yana zamewa, can ya ce, "Asabe, ara mini hannunki." Na zauna kusa da shi na riƙe, shi kuma ya ɗora yatsunsa a kan nawa yana daidaitawa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa zama da shi haka da rana tsaka ba, kafaɗa da kafaɗa. Kunya ce ta zamaninmu, ga yara, ga baƙi ba sa yankewa. Sai ga shi gam ya ba mu dalili. Kuma tunda ba a motsi, sai hira. A wannan barandar na ji labarin mahaifiyarsa da ban taɓa ji ba, na ji kuma cewa ranar da ya fara ganina a gidan kawuna ya manta kekensa ya koma gida a ƙasa.

Kumbon yana da ƙafa huɗu, kuma ana naɗe su da wata takarda mai ruwan zinare. Wadda ta zo a kwalin zafin shekaru ya manne ta, ta lalace. Malam ya damu ƙwarai. Ran nan na dawo daga suna da alawa a bakin mayafi, ina ɓarewa sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Kada ki yaga!" Launin ya yi daidai. Daga nan na zama mai tsintar takardar alawa a gidajen biki. Mata suna yi mini tsiya: "Hajiya Asabe, kowa na shan alawa, ke kina lallashin bawonta?" Da suka ji dalili, har daga Rigasa da Rafin Guza ƙawayena suke aiko mini da su a ninke. Malam yakan shimfiɗa takardar ya lailaye ta da bayan cokali, sa'an nan ya ɗan yamutsa ta, wai na gaskiyar ma a yamutse yake, ya naɗa, ni kuma in riƙe. Haka muka gama ƙafa uku.

A kwanakin ne, ciwo ya fara cin ƙarfinsa, ya shafa wa saman kumbon fenti mai ruwan azurfa. Bai bushe ba hannunsa ya yi rawa, babban yatsansa ya sauka a jiki. Ya ɗaga, ga shatin yatsan nan ya fito sarai, layi-layi. Ya yi tsaki, sai kuma ya fashe da dariya. Ya ce, "Yau ni ma na dangwala, kamar ke." Don kuwa duk takardar da aka taɓa kawo mini a rayuwa, yatsa nake dangwalawa, shi yana sa hannu da alƙalami. Ya ce in ya ji sauƙi zai goge wurin da sanfefa ya sake shafawa, yaran duk sun ji shi. Bai ji sauƙin ba. Daga asibiti sai makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ƙafa ta huɗu tana nan tsirara, launin toka, yadda ta fito daga kwali.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Jikokina sun nuna mini a waya wani kumbo da yake tashi ya je sama ya dawo ya sauka a tsaye. Idona ya yi rauni, haske kawai na gani, amma na san da yana nan sai an ƙwace wayar daga hannunsa, kuma sai ya aika an kira Alaramma. Shi ma Alaramman ya bi shi bara waccan. Mangwaron baranda an sare shi, an yi shaguna a gaban layinmu. Taswirorin da Malam ya ƙare idonsa a kansu, an ce yanzu waya ce take nuna wa mutum hanya. Alawar biki ma ta koma cikin leda. Ina jin ba zai yi fushi da ko ɗaya ba. Zai dai ce komai ya yi sauri, ba a bar wa mutum lokacin da zai jira abu ya kama ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce Rabi ta ɗauko biro. Ina da ɗa na fari, injiniya ne, shi ma ya fara furfura. Irin tarbiyyarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma zan fara a jarida ba. Makon jiya ya zo gaishe ni, ya tsaya gaban kabet ɗin gilashi inda kumbon yake. Ya ce, "Hajiya, fentin nan ya dushe. Na sami mai feshi, gwani ne. Ranar Asabar ta makon gobe zan ɗauka a goge tabon nan da Baba ya ce zai gyara, a ƙarasa ƙafar, ya dawo sabo." Na dubi tabarma na ce, "To." Abin da na saba ce masa ke nan tun yana yaro.

Da ya fita na yi kuka har Rabi ta tsorata. Ta ce, "Inna, ke fa kika ce to! Ki kira Yaya ki faɗa masa mana, ko ni in faɗa." Na ce a'a. In ta bakinta ya ji, zai ɗauka rigimarta ce, sun saba. Ni kuma in ya tsaya a gabana harshena ba zai ɗaga ba. Amma na san ya gaji ubansa wajen karanta wannan jarida duk ranar Juma'a, ba ya tsallake shafi.

Ba laifi ya yi ba. Maganar da ubansa ya faɗa sau ɗaya, yana dariya, ita ya riƙe shekara bakwai yana so ya cika. Ko da na rasa komai na Malam, wannan halin da ya bari a jikin ɗansa ya ishe ni godiya ga Allah. Sai dai akwai abin da bai sani ba. Malam ya yi rubutu da yawa a duniya, akwatuna cike, ban iya karanta ko harafi ɗaya ba. Wannan shatin kaɗai ne abin da ya bari da na iya karantawa. Kullum in na idar da sallar asuba nakan buɗe kabet ɗin, in lalubo wurin, in ɗora yatsana a kan nasa, in yi masa addu'a. Idona ba ya ganin dushewar fenti. Yatsana kuwa yana jin layukan nan.

Saboda haka, kai da ka san kanka, ka zo ranar Asabar kamar yadda ka ce, amma kada ka zo da mai feshi. A bar tabon nan har sai na bi shi, bayan nan ku yi yadda kuka ga dama. Ƙafar kuwa na yarda a ƙarasa. Akwai sauran takardun alawa a cikin kwalin, kusa da 'yan matuƙan nan biyu, ubanka ya riga ya lailaye su. Ka taho da sabon gam, ka fitar da teburin baranda. Kai za ka naɗa, ni zan riƙe. Gam ɗin yana daɗewa kafin ya kama, kuma ba a motsi. Wataƙila kafin nan in sami abin da zan ce maka wanda ya wuce "to".