Rijiyar da Mode Ya Ce Kada a Haƙa

Mode ya shekara arba'in yana haƙa salga yana yashe ta a Runjin Sambo. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, shi kuwa tsohon ya yi zamanin bokiti, lokacin da ake ɗaukar ba-haya a ka zuwa bayan gari, duba-gari na bin gidaje yana leƙa randuna. Ba kowa ke ba Mode hannu ba. Amma duk ramin da ya cika aka binne a unguwar, ya san inda yake kwance.

Bara wani ɗan kasuwa, Alhaji Arzika, ya sayi kango ya gina ɗakunan haya. Wata safiya Mode na wucewa ya hangi ana haƙa rijiya a tsakar gidan. Ya shiga ya sami Alhaji.

"Alhaji, a matsa da ita gaba. Tsofaffin salga uku ne a nan, biyu da hannuna na haƙa su."

"Haba Baba Mode, shekara nawa da binne su? Ai sun zama ƙasa."

"Saman ne ya bushe, Alhaji. Cikin bai bushe ba."

Alhaji ya yi dariya ya miƙa masa goro.

Ruwa ya fito garau, har maƙwabta na layi. Mode ya bi ƙofa-ƙofa yana gargaɗi, aka ce haushin ba a ba shi aikin ba ne. Malama Dorcas kaɗai, wata malamar firamare da ke haya a gidan, ta riƙa tafasa nata.

A watan Agusta aka kwana uku ana sheƙa ruwa. Mode ya roƙi wata mata ta miƙo masa guga, ya sansana. Warin bai kai wani ya ji ba, amma shi ya san shi.

Hajjo mai ƙosai aka fara kwantarwa da amai da gudawa. Kafin Juma'a, keke mai ƙafa uku sai sintiri yake tsakanin lungun da asibiti. Hajjo ba ta dawo ba, haka ma jikanyarta. Ma'aikatan lafiya suka zuba magani a rijiyar, suka rufe ta da kwaɗo. Ranar zaman makoki Alhaji ya kasa haɗa ido da Mode.

Famfo dai bai kawo ruwa ba, 'yan garuwa kuma suka daina shiga lungun. Bayan mako biyu Mode ya leƙa gidan da hantsi. An fasa kwaɗon. Igiyar guga na rataye a jikin bango, tana ɗigar ruwa.