Yadda Na Yanke Kawuna Daga Fim

Da na dawo Kaura daga karatun fim, na sa kawuna, manomi daga Banga, ya zama ekstira, wato mai giftawa bayan 'yan wasa ba tare da ya ce uffan ba. Ya zo da rigar Sallarsa. Amma da na ce akshin, wato a fara ɗauka, sai ya tsaya ya yi sallama, ya tambayi kowa gida da damina. Na yi ta cewa kat, wato a dakata, har muryata ta dushe.

Ya ce, "Ɗana, a wuce mutane ba gaisuwa?"

Wajen tace fim na yanke shi kaf, ban faɗa masa ba. Ranar nunawa ya kwaso iyalinsa a babura uku. Na zaunar da shi layin gaba, don in ga fuskarsa da kyau.