Kawu Modu da Tabaryar Kwana Arba'in

Duk wanda ya san Kawu Modu Kofur ya san ba a miƙa masa bindiga ya karɓa kamar an miƙa masa goro. Sai ya juya bakinta ƙasa, ya buɗe ta, ya leƙa da idon dama, ya leƙa da na hagu, ya zura ɗan yatsa, sannan ya ɗaga murya yadda na ƙofar gida zai ji: "Babu kowa a ciki!" In ya jingine ta ya je alwala ya dawo, sai ya sake daga farko.

Na taɓa ce masa, "Kawu, yanzun nan fa ka duba."

Ya ce, "Na duba, sannan na juya mata baya. Ke kika tsaya mata gadi?"

Waɗanda suka je bikin ɗan abokinsa a Malam Madori ba su manta ba. Maharba suka fara sakin wuta sama don murna. Kawu ya miƙe ya shiga wajen mata masu girki, ya ari tukunyar ƙarfe, ya kifa a kansa, ya dawo ya zauna cikin dattawa da babbar rigarsa sabuwa fil. Uban ango ya ce, "Haba Kofur, wane irin wulaƙanci ne wannan?"

Daga cikin tukunya aka ji muryarsa: "Kun aika harsashi sama. Akwai wanda ya tambaye shi gidan wa zai sauka?"

Harbi ya tsaya. Shi kuwa bai cire tukunyar ba sai da mai ita ta zo da kanta tana neman ɗora miya.

To wannan mutumin ne wan mahaifiyata, tsohon soja, kuma shi na tsare ina 'yar shekara goma sha huɗu na ce sai ya koya min harbi. Lokacin ban san ko bihim ba a boko, sai da na haifi 'ya'ya biyar na shiga ajin manya. Aikina gadin shinkafa ne a fadamarmu ta wajen Auyo, in wuni ina kaɗa gwangwani ina korar jan-baki. Tsuntsu dai yana jin gwangwani. Gyado kuwa ya shigo ya tumurmushe mana rabin gona ina tsaye ina kaɗa masa kamar na zo yi masa kiɗa. Ranar na dawo gida ina huci.

Inna ta ce, "Yaya, kada ka biye mata. Yarinyar da ko ludayi ta riƙa sai ta kwaɗa wa wani?"

Kawu ya dube ni tun daga sama har ƙasa. 'Ya'yansa maza biyu sun nema, duk ya kore su, kuma ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa in bai sami mai hankalin riƙe ta ba, zai mayar wa hukuma bindigar da takardarta. Ya ce, "Falmata, dama ɗaya ce. In kin faɗi, kada ki ƙara yi min maganar har in mutu."

Na ce na yarda. Sai ya shiga ɗaki, ni ina ta murna, ya fito min da guntuwar tabarya. Tabarya, jama'a! Ya shafa wa kai ɗaya baƙin tukunya, ya ce nan ne baki. Ya kafa ƙusa a tsakiya, ya ce wannan ce kunama, wadda in an ja bindiga take tashi. Kwana arba'in zan yi ina yawo da ita, gona, rijiya, kasuwa. Ranar da bakin ya kalli wani mai rai, ko yatsana ya taɓa ƙusar, lissafi ya koma ɗaya.

Kwana uku na yi. Inna ta kira ni daga madafi, na juyo gaba ɗaya da tabarya a hannu. Kawu na zaune a tabarma. Ya cire hularsa a hankali, ya ɗaga hannu biyu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yagana, Allah ya jiƙan ki. Ƙanwata ɗaya tilo."

Inna ta ce, "Yaya, ina tsaye da raina kake min ta'aziyya?"

"Ni ma ban so ba. Ki tambayi 'yarki."

Wallahi har tuwo ya ƙi karɓa daga hannunta a ranar, wai shi ba ya cin girkin mamaci.

Haka na kashe akuyar maƙwabta sau biyu, na kashe mai tallan kifi, na kashe ƙafata ta hagu. Kowanne sai da Kawu ya bi shi da gaisuwa. Wanda ya fi min ciwo ranar kwana ashirin da uku ne. Na durƙusa gaida Liman a hanya, tabarya ta ɗaga ta kalli cikinsa. Ban san Kawu na bayana ba sai da na ji yana sanar da mutanen ƙofar masallaci su fara neman sabon limami. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Falmata, da kin bari na ja la'asar tukuna."

Na yi kuka ranar, na yi jifa da tabaryar. Kawu ya dubi inda ta faɗi ya ce, "Yanzu kuma kin kashe kaji huɗu." Na je na ɗauko ta.

Wata uku cur na yi kafin arba'in ɗin nan ta cika. Sannan ya ba ni ta gaskiyar, amma babu harsashi. In kwanta rub da ciki, in manna gindinta a kafaɗa, in saki rabin numfashi, in matsa kunama a hankali kamar mai tatsar akuya mai ciwon nono. Kullum haka.

Sau ɗaya tak na ga ya harba. Ya ɗora ƙwallon goruba a jikin jingar da ke tare mana ruwan kogi, muka ja baya har gorubar ta koma kamar ƙwayar gyaɗa a idona. Ya kwanta. Mutumin da ba ya iya shiru ko a wajen cin abinci, sai ya zama kamar gungume. Wani ɗan tsuntsu ya zo ya sauka a kan bakin bindigar, na rantse da Allah, ya gyara fiffikensa. Kawu bai motsa ba, ya jira shi ya gama ya tashi don kansa. Sai na ji tau! Gorubar ta tarwatse. Ban taɓa ganin mutum ya mallaki jikinsa haka ba, har yau kuwa ban sake gani ba.

Ina shirin yi masa kirari ya miƙo min fartanya. "Je ki tono harsashin a jinga. Duk wanda ka saki, sai ka san inda ya kwana."

Ranar jarrabawa maza suka cika bakin fadama, har da 'ya'yansa biyu da ya kora, sun zo kallon mace za ta faɗi. Kawu ya kafa fasasshiyar ƙwarya can nesa, ya ba ni harsashi ɗaya. Na kwanta, na saita. Ƙwaryar ta zauna daram a idona, na san zan same ta. Sai na lura wurin da ya kafa ta, ambaliya ta zaftare jingar. Bayan ƙwaryar babu ƙasa, sai kachalla, dogon ciyayin nan da ya cinye mana ruwa, wanda masunta ke kutsawa ciki a kan gora ba ka ganin ko hularsu.

Zuciyata ta ce ki harba, dama ɗaya ce. Bukar, babban ɗansa, yana cewa, "Ta yi barci ne?"

Na sauke bindigar, na buɗe ta, na zare harsashin. Na ce, "Kawu, ba zan harba ba. Ban ga abin da ke bayanta ba."

Dariya ta ɓarke. Samari biyu, har da Bukar, suka ruga suka bubbuga ciyayin, suka dawo suna ihu, "Babu kowa! Ko kwaɗo babu!" Na sunkuyar da kai. Na ce shi ke nan, wata uku na tabarya sun tafi a banza.

Kawu ya taso. Ya dubi Bukar ya ce, "Kai sai da ka je ka dubo ka san babu kowa. Harsashi kuwa ba ya zuwa dubawa ya dawo." Sannan wannan tsoho, da ko gaban mai gari tsaye yake gaisuwa, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji ya ce, "Da gangan na kafa ta a can. Shekara talatin ina neman wanda zai ƙi harbawa."

Kawu ya mayar da ƙwaryar inda jinga ke da tsayi, ya ce bisimilla. Na harba. Ƙasa ta tashi kamu uku daga ƙwaryar, ita ko gezau.

"Madalla!" in ji Kawu. "Kin sami jinga. Ƙwarya kuma sai baɗi."

Sai da baɗin ta zo kuwa na same ta.

Da daminar bara muka rasa shi. Na tsaya a soro ina kallo aka fita da shi, har suka sha kwana. Inda ya tafi idona ba ya kaiwa. Ya Allah, Kai da kake ganin can, ka sa rahama ce ke jiran sa. Ka yafe wa Kawu Modu kurakuransa, ka haskaka makwancinsa. Amin.