Yadda Abarci Ya Ci Sunan Kanwa

Duk wanda ya ce "ƴar Abarci" a gabana, wallahi sai raina ya ɓaci. Jar kanwa ce da makiyayan wajenmu ke ba dabbobi, kuma Abarci ko itace bai taɓa tura wa tukunyarta ba. Kakata ta ba ni labarin, ita ma daga bakin tata kakar, Dela.

Tun Nasara bai zo ba, Dakoro tana rijiya da ƴan bukkoki, Dela ke zaune nan da ɗanta na fari, Mamani. Shi ya gano ƙasar kanwar a bakin wani tabki. Da rani sai ya kankaro ta, ya tace a kwando, ya dafa ruwan har ya daskare. Shekara bakwai yana wanga aiki, hayaƙi ya cinye mashi ido guda.

Ran da ayarin Buzaye ya sauka, Mamani na can tabki. Raƙuma suka lashi kanwar da ya bari ƙofar gida, suka ƙi matsawa. Madugu ya ce wa Dela, "Inna, aikin wa ne? Ba ni sunanshi, in kai shi har Abzin."

To, kun san ɗan fari. Uwa ba ta kama sunanshi ko za a yanka ta. Dela ta sunkuyar da kai ta ce, "Na yaron nan ne."

"Wane yaro?"

Sai maƙwabcinsu, wani rago mai wuni gindin gawo, ya yi caraf: "Ai ta gidanmu ce. Abarci nake."

Tir! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dela tana ji tana gani ta kasa ƙaryata shi, don ƙaryatawar sai da sunan. Ni dai kunyar da za ta binne wahalar ɗana, Allah ya raba ni da ita.

Suna ya bi ayari, ya cika kasuwanni. Bayan damina uku tari ya tafi da Mamani.

Dela ta tsufa tukuf. Wata ranar kasuwa ta ji mai talla na kiran ƴar Abarci. Ta yar da sanda, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi.

"Ƙarya kake! Ta Mamani ce! Mamani ɗana!"

Mata suka kama baki, wai tsohuwa ta zubar da kunya. Mai tallar ya dube ta ya ce, "Iya, wane ne Mamani?"