Haɗin Aro

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, mijinki ya kira wurin aikinmu ya ce Allah Ya karɓi abinSa. Kin rasu a asibiti, Yaya, bayan rashin lafiyar da dukanmu muka ɗauka ta ɗan lokaci ce. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma ke kika koya mini aiki, kuma ban taɓa kiran ki da wani suna ba sai Yaya.

Aikinmu ƙera ƙafar roba ne ga waɗanda suka rasa tasu. Mafi wuya a ciki shi ne kofin da dungulmin ƙafar ke zama, wanda muke sassaƙawa a kwamfuta kafin inji ya fitar da shi. In akwai inda ƙashi ya turo, sai a ɗora ɗan ƙwallo a wurin a kan allo, a sa kwamfutar ta rarake gurbinsa a jikin kofin. Daga nan yawancinmu narke ƙwallon da kofin muke yi su zama abu guda, a wuce wurin. Ke kuwa ba kya narkewa. Kowane yanki kina barin sa da kansa, a ido kamar ɗaya suke, amma in kin ja ƙwallon gefe sai ramin ya bi shi, tsohon wurin ya cike kamar ba a taɓa shi ba. Haɗin aro kike ce masa. Kwamfutarki har nishi take yi don nauyi, muna tsokanar ki cewa za ki tsufar da ita kafin lokacinta, ke kuma ki ce jikin mutum bai gama magana ba, ba za ki rufe masa baki ba.

Ɗakin aikinmu a sama yake, amma ban taɓa ganin kin bar gurgu ya hau matakala ya same ki ba. Ke kike sauka, ki durƙusa, ki riƙe dungulmin da hannu biyu ba tare da yamutsa fuska ba, kina tambayar mai shi lafiyar yara. Ranar da gaggawata ta sa na narke aikin da ba a gama ba, ba ki yi mini faɗa ba. Kujera kika jawo kusa da ni muka sake shi daga farko, sai da muka gama kika ce in saya miki shayi.

A cikin waɗanda kika bari akwai Malama, wata dattijuwar malamar makaranta da ta rasa ƙafa a hatsarin mota. An gaya mata in ba ta iya tsayuwa gaban aji ba a sabon zango, sai ta ajiye aiki, ga shi ita ke riƙe da jikokinta. Dungulminta bai daina ramewa ba, don haka kika yi ta ba ta kofin gwaji kina cewa ta dawo. Malama kuwa akwai baki. Kowane zuwa sai ta wanke ki tas, ke kina murmushi kina tambayar ta daidai ina ke ciwo.

Bayan rasuwarki ta zo, ba ta da labari. Ni na sauka. Ta nuna mini inda kofin ke cizon ta a ƙasan gwiwa, ta ce ta gaji. Na hau na buɗe aikinki, sai na tarar da komai a kwance, babu abin da aka ƙulle. Ɗan ƙwallo ɗaya na matsar, bai kai faɗin farce ba. Da ta dawo ta sa sabon kofin, ta taka daga ƙofa zuwa taga, ta dawo, ta jingine sandarta a bango. Ta yi ta sa mini albarka, sannan ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai hannu. Ka gaya wa waccan yayar taka ta zauna ta koyi aiki a wurinka."

Yaya, sai da maganar ta yi mini daɗi kafin ta yi mini ciwo. Ƙiftawar ido ce, amma na ji daɗin, kuma tun ranar kunya ba ta sake ni ba. Ina tsaye a inda kike durƙusawa, ana yabo na da guminki.

Na ce mata kin rasu. Ta zauna. Na sauko da kwamfutar na nuna mata ƙwallayen nan birjik, na ce kowanne daga zuwanta ɗaya ne, duk inda ta taɓa cewa yana ciwo kin buɗe masa wuri, kin kuma bar shi yadda za a iya gyarawa. Da irin aikina ne, da sai an koma farko, kuma da zangon ya wuce ta. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska.

"Ashe duk masifar da nake zuba mata saurara take yi," in ji ta.

Ta ce in kai ta gidanku. Da wannan ƙafar ta hau dakalin ƙofarku, ba sanda, ta durƙusa gaban mahaifiyarki tana neman gafarar da ba ke za ki amsa ba. Ni ina bakin ƙofa, na kasa ɗaga kai.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da mijinki, da 'ya'yanki mata biyu, Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Ya Allah, Malama ta koma aji, tana tsaye tana koyarwa. Ladan kowane taku nata, Ka kai shi ga mai shi.